Inda aka yi mani firem ɗin tsofaffin taswirorina a nan Katsina

Duk baƙon da ya shigo falona tun bayan babbar sallah sai ya tsaya gaban bangon nan ya tambaye ni wai wa ya yi mani firem ɗin taswirorin, Kano na kai ko Abuja. To a nan Katsina aka yi, wani ɗan shago ne cikin gari in ka shigo ta wajen Ƙofar Marusa, dattijo ne da yaranshi biyu, aikinsu na yau da kullum firem ɗin hoton biki da satifiket da ayatul kursiyyu. Ba zan kama sunan shagon ba don akwai inda zan yi ƙorafi, kuma mutumin kirki ne, ba na so magana ta ta rage mashi kasuwa.

Takardu uku na kai mashi, duka orijina ne, ƙanena da ke karatu a Jamus shi ke saya mani ɗaya bayan ɗaya wajen masu tsofaffin littattafai in kuɗi sun samu. Ta farko ƴar ƙarama ce ba ta wuce tafin hannu da yatsu ba, taswirar ƙasar baƙar fata daga littafin wani Bafaranshe Mallet da aka buga a Paris 1683, a cikinta an rubuta garinmu Cassena kusa da Cano. Ta biyu taswirar hanyar da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya bi ce, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, lokacin da ya bar Katsina a 1853 ya nufi Wurno da Sakkwato da Gwandu har ya kai Say bakin Kwara, wani Bajamushe masanin taswira Petermann ne ya tsara mashi taswirorin, a cikinta kuma Katsena aka rubuta. Ta uku hoton birnin Kano ne daga kan Dala, daga littafin Barth ɗin dai, bugun dutse, wato a jikin dutse aka yi zanen aka buga shi a takarda. Shekara kusan biyu suna kwance cikin fayil a ƙasan akwatin uwargida saboda tsoron wanda zan ba ya lalata mani su.

Kuma tsoron nawa da dalili, don ranar da na je Baba mai shagon ya tafi masallaci, yaron da na tarar yana ganin ƴar ƙaramar sai ya ce Oga kawo a yi mata laminatin kawai ta huta, har ya miƙa hannu ya kunna injin. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Laminatin roba ce da gam ake narkawa da zafi su shige jikin takarda, in an yi an yi ke nan babu mai ciro ta, takardar da ta yi shekara 340 da ɗoriya tana lafiya a minti ɗaya ta zama katin shaida. Na ce mashi a'a zan jira Baba.

Da ya dawo muka gaisa na buɗe fayil ɗin, abin da ya fara yi shi ya sa har yau nake yabonshi. Bai taɓa ba. Ya ce wa yaro ya kawo buta, ya wanke hannu ya goge sosai, ya share tebur ya shimfiɗa farar takarda sannan ya ce Malam in ɗauka? Ya ɗaga ta Mallet ɗin wajen hasken ƙofa ya daɗe yana kallo, sai ya ce ai wannan takardar ya san irinta, ga layuka nan a jikinta siri-siri a jere da wasu masu faɗi sun ratsa su, irin takardar Alƙur'anin mahaifinshi ce na rubutun hannu mai tambarin jinjirin wata uku. Kuma gaskiya ya faɗa, takardar da ce da ake yi da hannu a kan rariyar waya, shatin wayar ne ke fitowa in ka haska, mai wata ukun ma daga Italiya fatake ke kawo ta ta hamada. Ni na karanta abin a littafi ne, shi kau ya san shi tun yana yaro a zauren gidansu. Na nuna mashi ɗan gurbin da ya zagaye zanen kamar an danna faranti, na ce nan ne bakin farantin tagulla ya zauna, don a jikin tagulla ake sassaƙa zanen a juye, a cusa tawada cikin tsagar a goge saman, a ɗora takarda mai ɗan danshi a matse da ƙarfi, to wannan gurbin yana cikin abin da ake gane ta gaske da shi, in aka yanke gefen don ta shiga firem an rage mata daraja. Sai ya juya ya ce wa yaran kun ji ko, almakashi kar ya zo kusa da kayan Malam.

Aikin kanshi ya yi kyau ƙwarai. Kwalin da ake zagaye hoto da shi ni na zo da nawa wanda ba shi da asid, ƙanena ya haɗo mani da ƴan kusurwoyin da ake saƙala takarda ba tare da gam ba, domin kwalin kasuwa na yau da kullum in ya daɗe yana ƙona takarda ya bar mata jan layi. Baba bai ji haushi ba don na zo da kayana, wasu masu sana'a da sun ce raini ne. Ya yanka tagar kwalin da hannu tsaf, ya bar gurbin farantin a waje ana gani, kuma kaurin kwalin ya hana gilashi taɓa takardar, wanda shi ne babban abu a wajenmu saboda in damina ta yi nisa laima na taruwa a bayan gilashi takarda ta manne. Bayan firem ɗin ya rufe shi ruf saboda ƙurar hunturu da kyankyaso. Katako kuma shi ya ba ni shawara in bar na roba mai ruwan gwal ɗin nan da ake yayi in sa madaci, ya ce ya fi jure gara kuma tsohon abu ba ya son ƙyalƙyali, na bi shawararshi ban yi nadama ba.

Taswirar Barth ita ce mai wahala don a ninke take cikin littafi tun 1858, duk ta yi karaya-karaya, wani ninkin har ya fara tsagewa. Yaron ya ce a sa mata dutsen guga, Baba ya daka mashi tsawa. Tsakanin fararen takardu ya sa ta, ya ɗora gilashi mai kauri da wasu littattafai ya bar ta kwana huɗu, ta kwanta daidai gwargwado, shatin ninkin na nan kuma ni haka nake so, shi ma shaida ne. Ranar da na je dubawa na tarar da shi da tabarau shina bin layin hanyar da ɗan tsinke ba tare da ya taɓa ba, yana karanta sunayen garuruwa yana gyara ma Bature lafazi, ya ce wannan Kuraye ce, wannan Zurmi yake nufi. Muka zauna hira har la'asar, na ba shi labarin zuwan Barth na farko a 1851 zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello, da yadda ya ƙiyasta zagayen ganuwa mil 13 zuwa 14 amma mutanen ciki a lokacin ba su wuce dubu 7 ko 8 ba. Ya yi shiru ya ce yanzu ganuwar ma ina take Malam, duk an cinye ta da gini.

To yanzu inda ban ji daɗi ba. Kwana goma ya ce mani, sai da aka yi sati biyar, yau babu wuta gobe mai katako bai kawo ba jibi an kawo aikin biki na gaggawa, kuma ba a kiranka a gaya maka sai ka ƙona mai ka je. Wannan da sauƙi. Wanda ya ƙona mani rai shi ne hoton Kano, ashe ranar da za a rufe shi Baba ba ya nan, kusurwa ɗaya ta ƙi zama sai yaron ya manna salatif a bayan takardar. Allah ya sa na ce a buɗe in gani kafin in biya. Salatif in ya shekara gam ɗinshi na ratsa takarda ya fito ta gaba launin ruwan ƙasa kuma ba ya fita. Baba ya cire a hankali, ya ba ni haƙuri har sau uku kuma ya ƙi karɓar kuɗin wannan firem ɗin, amma ɗan wurin ya ɗan kwaye, a baya ne ba a gani, ni dai na san yana nan. Gilashinsu kuma na taga ne zalla ba ya tare hasken rana, don haka dole ka rataye a bangon da rana ba ta bugawa in ba haka ba kala ta koɗe.

Sai aiki na huɗu wanda shi kam ban ba su maki ba. Na so a buga mani kwafin babbar taswirar Afirka ta Blaeu, mutumin Amsterdam, wadda ke da hotunan birane tara a jere a samanta irin su Alƙahira da Tunis da Aljiyas, don orijina ta fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba. Na ba su fayil mai kyau a filasha, su kuma ba su da babbar firinta sai suka kai wa masu buga banar siyasa. Ta dawo rawaya shar kamar an zuba mata kurkum, ƙananan rubutun duk sun caɓe, da ƙyar ake karanta Cano da Zegzeg da Zanfara, biranen saman kuma sun zama dusu-dusu, alhali daɗin irin wannan zanen shi ne ka matso kusa ka ga ganuwa da hasumiya da jiragen ruwa layi-layi. Na ce ban karɓa ba, aka sake a takarda gida biyu aka haɗa, ya fi na farko amma mahaɗin na nan ana gani. Duk da haka ita ce ta fi jan hira a falo, kowa sai ya tambayi me ya sa Kwara ta miƙe yamma ta faɗa teku ta Senegal, sai in ce masu ai masu zanen ba su taɓa zuwa ba, yawanci bayanin matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, suka bi wanda aka buga a Venis 1550, sai 1796 Baturen Birtaniya Mungo Park ya gan ta a Segu tana gangarawa gabas, sai 1830 wasu Turawan Ingila ƴan'uwa biyu masu suna Lander suka bi ta har bakin teku. Uwargida ƴar Daura ce, ta duba ta duba ba ta ga garinsu ba, har yau ba ta yafe ma Blaeu ba.

Kuɗi kam bai tsauwala ba, firem biyu na madaci da gilashi naira 38,000 na biya, na ukun kyauta kamar yadda na faɗa, kwafin kuma daban.

Wanda ke da tsohuwar takarda a gida, taswira ce ko wasiƙar kakanni ta ajami ko takardar gona ta zamanin En'e, zan ce ya kai mashi, amma ya je da kwalinshi, ya tabbatar Baba da kanshi zai yi, ya ce a rufe bayan a gabanshi, kuma kar ya ba su aikin buga kwafi. Ni dai akwai wadda ke hanya, kwafin taswirar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba matafiyin Birtaniya Clapperton a Sakkwato 1824 wadda aka buga a Landan 1826, na riga na gaya ma Baba, ya ce in ta iso in zo ranar Asabar da hantsi lokacin ba cunkoso, yana so ya ga yadda Sarkin Musulmi ya zana Kwara.