Murhun banda a bayan gida: abin da damshin Hustan ya koya mini

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayar da ka yi mini game da baƙin ƙarfen nan mai bututun hayaƙi da ka hango a hoton bayan gidanmu. Murhun banda ne, Amurkawa suna kiransa simoka, kuma a jihar Tekzas da wuya ka zaga unguwa ba ka gan shi a gidaje da dama ba. Ba a ɗora nama a kan wuta kai tsaye. Wutar tana cikin wani ƙaramin akwati a gefe, zafi da hayaƙi ne suke ratsa babban ɗakin su fita ta bututu. Ana riƙe zafin tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin Salshiyas, har naman ƙirjin bijimi guda ya kan kwashe awa 12 ko fiye kafin ya nuna.

Sayensa ba shi da wuya, domin manyan shagunan kayan gini irin su Home Depot da Lowe's suna jera su a bakin ƙofa da zarar sanyi ya wuce. Wahalar tana cikin kwanakin da murhun yake ajiye ba a amfani da shi, kuma a nan ne mai araha da mai tsada suke rabuwa.

Na farkon da na saya mai araha ne, ƙarfensa siriri har yana lanƙwasa idan ka danna murfin da tafin hannu. Na yi banda sau uku, na bar tokar a ciki, na lulluɓe shi da rigar ledarsa, na manta da shi wata biyu a tsakiyar damina. Ranar da na buɗe, farar fumfuna ta rufe ragar da ake shimfiɗa nama, warin tsohon maiƙo ya buge ni, sannan da na sa yatsa a ƙasan akwatin wutar sai tsatsa ta ɓare kamar ɓawon itace. Wani dattijo maƙwabcina da ya leƙo ta kan shinge ya yi dariya ya ce ni na kashe shi da hannuna. Bayaninsa shi ne toka tana jan damshi daga iska, idan ta jiƙa sai ta zama ruwan toka mai cin ƙarfe, rigar da na ɗauka kariya ce kuma ta hana damshin fita. Hustan, garin da muke zaune a jihar Tekzas, tana kusa da Tekun Meziko, iskarta a jiƙe take kusan duk shekara.

Tun daga nan na fara lura da nau'o'in da ake sayarwa. Masu kauri, waɗanda asalinsu masu walda a filayen man fetur na Tekzas da Oklahoma ne suka riƙa yanka su daga bututun mai, ƙarfensu ya kan kai kwata na inci. Su ma suna tsatsa, amma tsatsar a sama take tsayawa, a kankare ta a shafa man girki a kunna wuta, man ya ƙone ya zama baƙar fata mai hana ruwa kama ƙarfen. Na kamfanin Weber, wanda George Stephen ya fara ƙera murhunsa mai murfi a 1952, an shafe su da wani irin fenti mai kama da tangaran da aka gasa a jikin ƙarfen, saboda haka ruwa ba ya kama su sai wurin da aka buge ya tsage. Akwai na yumɓu irin Big Green Egg, da aka fara sayarwa a Atalanta a 1974. Waɗannan ba ruwansu da tsatsa, sai dai nauyi, da fashewa idan sun faɗi, da ƙyallen bakin murfi da yake ƙonewa a sake shi.

Wanda na fi tsoro shi ne mai aiki da lantarki irin na Traeger, mai cin ƙananan ƙwayoyin garin katako da aka matse. Yana da daɗin aiki, domin shi yake daidaita zafi da kansa, amma idan aka bar ƙwayoyin a ciki damshi ya taɓa su, sai su kumbura su bushe kamar siminti su toshe murɗaɗɗen ƙarfen da yake tura su zuwa wuta. Dole a kwashe su a zuba a bokiti mai murfi.

Game da gyara kuwa, kuɗin aikin hannu a ƙasar nan yana da yawa ƙwarai, har kiran mai walda ya toshe ramin tsatsa zai iya fin kuɗin murhun mai araha. Shi ya sa za ka ga an fitar da su bakin titi ranar kwashe manyan tarkace. Manyan kamfanoni suna sayar da kowane ɓangare daban, raga ko ma'aunin zafi ko ƙofa, a aiko maka har gida, kuma suna ba da garanti, sai dai galibi garantin ba ya ɗaukar ɓarnar da sakaci ya jawo. Mai araha kuwa sau da yawa ko ɓangarorinsa ba a samu.

Wurin ajiya ma yana da ƙa'ida. Dokar kashe gobara da birane da yawa suke bi ta hana kunna gawayi a barandar gidajen haya na bene, ko a tazarar da ba ta kai ƙafa 10 ba daga bangon da zai iya kama wuta. Tukunyar gas ba a shigar da ita cikin gida, kuma ba a kunna gawayi a gareji saboda iskarsa mai kisa wadda ba ta da wari.

Yanzu wanda ka gani a hoton mai kauri ne, na hannu na saya. Washegarin kowace banda, bayan na tabbata tokar ta mutu, ina kwashe ta a bokitin ƙarfe, in kankare maiƙon ƙasa don kada ya kama da wuta a gaba, in shafa mai a raga, in bar ƙofar iska da bututu a ɗan buɗe a ƙarƙashin rigar. Baƙin da ya kama bangon ciki ba na wanke shi da sabulu, sai abin da ya fara ɓarewa kawai nake gogewa. Lokacin guguwar teku yana farawa ranar 1 ga Yuni, kuma kafin nan zan tura shi jikin bango in ɗaure shi da sarƙa, in Allah ya yarda.