Dandali mai rajista ko cinikin P2P?

Tun da aka sa hannu kan dokar zuba jari ta 2025, wadda ta sanya kirifto (kuɗin intanet irin su Bitcoin) ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari a Najeriya, ake ta tambayata: a koma dandalin da hukuma ta amince da shi, irin Quidax da Busha, ko a zauna a P2P, wato cinikin kirifto kai tsaye tsakanin mutum da mutum?

Wajen farashi P2P ya fi sassauci, tunda kai da abokin ciniki kuke daidaitawa. Dandali mai rajista yana cire ladansa, kuma sai ka miƙa BVN ko NIN.

Haɗarin ne ya fi damuna. A P2P wani zai turo maka rasit na bogi, ka saki USDT ɗinka (kirifto mai bin darajar dala), ka duba asusu ka ga wayam. Ko kuɗin sata su shigo, banki ya kulle asusunka. A 2024 ma Binance, dandalin kirifto da ake cinikin P2P a kansa, ta dakatar da hulɗa da naira. Rajista ba ta hana Bitcoin faɗuwa, amma akwai inda za ka kai ƙara.

Sabon shiga da mai ajiyar dogon lokaci, dandali mai rajista ya fi musu. P2P na gogaggen da ya san abokan cinikinsa ne.