Ƙarfen da ake sawa a jijiyar zuciya, a Ingila da a gida, Yaya ki karanta ma Kawu

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya su Inna, ya zafin Katsina. Na ji Kawu ya dawo daga Indiya an sa mashi sitent, wato ɗan ƙarfen da ake sawa a buɗe jijiyar zuciya da ta toshe, Allah ƙara sauƙi. Tunda nake aikin kula da tsofaffi a nan Ingila kusan kowane gida na shiga sai na tarar da mai wannan ƙarfen a ƙirji, shi ya sa na ce bari in faɗa maku yadda suke yi da nasu, don mu a gida da mutum ya sauka daga jirgi sai a ce ai an gama, alhali sannan aikin ya fara.

Shi ƙarfen kanshi babu wani bambanci, irin su Xience da ake sawa nan su ake sawa can Indiya, ɗan mitsitsi ne kamar sifirin ɗin cikin biro, an shafe shi da magani mai hana tsoka ta tsiro ta sake toshe jijiyar. Na da marar magani, cikin mutum 100 sai 20 zuwa 30 jijiyarsu ta sake tsukewa, wannan mai maganin ya maido abin ƙasa da 10. Kuɗinshi ma Indiya ta kayyade tun 2017, rufi 29,600 ta yanka a lokacin, shi ya sa mutanenmu suke ta tururuwa can.

To amma maganin nan da ke hana tsoka tsirowa shi ne kuma yake jinkirta warkewar wurin, ƙarfen ya daɗe a tsirara cikin jini, jini kuwa in ya samu ƙarfe a fili daskarewa yake, ya toshe hanyar lokaci guda, kuma wannan ba ciwon da ke ba mutum notis bane, bugun zuciya ne mai ƙarfi da kan tafi da rai. A 2006 likitoci sun yi ta cece-kuce a kai a wani taro a Basalona, saboda masu maganin na farko irin su Cypher da Taxus an ga suna toshewa bayan shekara ɗaya ko fiye. Na yanzu sun fi aminci nesa ba kusa ba, amma fa da sharaɗin shan maganin tsinka jini kala biyu, asfirin da clopidogrel ko ticagrelor, wata 6 ga wanda aka yi ma aikin cikin natsuwa, wata 12 ga wanda zuciya ta buga, daga nan yawanci a bar mutum da guda ɗaya har ƙarshen rayuwa.

Nan ne Ingila ta fi mu wallahi. Asibiti zai rubuta ma likitan unguwarku ranar farawa da ranar dainawa, kemis na da sunanka a kwamfuta, kafin kwali ya ƙare an haɗa maka wani, wanda ya kai shekara 60 ko sisi baya biya, sauran kuma fam 9.90 kowane magani. Kada ki ce kyauta ne, mu baƙi fam 1,035 muke zubewa duk shekara kuɗin lafiya a kan biza, ga haraji, ga layin ganin likita da sai ka gaji da jira, a nan kam gida ya fi, da kuɗinka yau ka ga konsaltan yau. Amma a gida in magani ya ƙare ranar da aljihu ya bushe sai mutum ya ce bari a ga albashi, ko ya ji garau ya ajiye da kanshi, ko a sayo mashi na tebur da ya sha rana. Sati ɗaya babu magani a watannin farko ba ƙaramin ganganci bane.

Sai ɗaya ɓangaren, zubar jini. Mai shan waɗannan in ya yanke jinin baya saurin tsayawa, nan ko haƙori za a cire maka sai sun tambayi me kake sha, kuma ba sa yarda ka daina sai likitan zuciya ya sa baki. Ki ja ma Kawu kunne kan ƙaho da sakiya wurin wanzami, da diclofenac da ibuprofen ɗin nan da ake sha kamar gyaɗa in gwiwa ta motsa, su ke fasa olsa, ya riƙe parasitamol. In ya ga bayan gida baƙi ƙirin ko haɓo ya ƙi tsayawa a tafi asibiti. Maganin olsa omeprazole ma ba sa son haɗa shi da clopidogrel don yana rage mashi ƙarfi, lansoprazole ko pantoprazole suke bayarwa.

Kuma ƙarfen wuri ɗaya kawai ya gyara, sauran jijiyoyin na nan da kitsensu, har cikin ƙarfen kitse na iya sake taruwa bayan shekaru, musamman mai ciwon suga, don haka maganin kitse da na hawan jini ba'a wasa dasu, kilishi da balangu sai dai ɗan taɓawa. Nan in ƙirji ya riƙe 999 ake kira motar asibiti ta zo, ku kuwa sai kun tanadi mota da direba, ku kuma tambayi likitocin zuciya na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina tun yanzu inda za'a nufa in abin ya taso da dare.

Ki ɗauko min hoton takardar sallamarshi da kwalayen maganin gaba da baya ki turo ta WhatsApp, zan riƙa aiko kuɗin na wata uku-uku.