Na'urar haɗa waya da rediyon tsohuwar mota: abin da na gani cikin wata biyar a titunan Accra

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2001, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema bayan sun gama aikinsu a Amurka. Injinta lafiya lau yake, amma rediyonta na zamaninsa ne: yana kama AM da FM, yana da bakin kaset, iyakarsa ke nan. Ni kuwa duk abin da nake saurara yanzu a cikin waya yake, tun daga karatun Alƙur'ani da tafsirin da 'yan'uwa ke turowa ta WhatsApp, har zuwa waƙoƙin bege da tsohon kiɗan hailaif da na taso ina ji a gidanmu. Wanda ya san hanyar Madina zuwa Nima da safe, musamman daga Shiashie zuwa Tetteh Quarshie, ya san cewa mutum yakan shafe fiye da sa'a guda a zaune, kuma ƙaramar lasifikar waya ba ta iya ja da ihun kwandastan torotoro, wato ƙananan bas na haya, da ƙarar hon. Wannan ne ya kai ni kasuwar wayoyi ta Circle neman abin da zai kai sautin wayata cikin lasifikun mota.

Abin da na saya ƙaramar transimita ce ta FM mai Bluetooth, a kan sidi 120 bayan ciniki. Ba ta da sunan kamfanin da za a iya riƙewa, domin irinta guda ce ake sayarwa a cikin kwalaye daban-daban. Ana soka ta a ramin kunna taba na mota, wanda ke ba da wuta mai ƙarfin bolt 12, tana da ɗan allo mai nuna lamba, da maɓalli guda da ake murɗawa, da ramukan USB biyu na caji, da wata 'yar kafa ta katin ajiya. Aikinta shi ne ta karɓi sauti daga waya ta Bluetooth, ta mai da kanta wata 'yar mitsitsiyar tashar rediyo da ba ta wuce 'yan taku kaɗan, sai a murɗa rediyon mota zuwa mitar da take watsawa. Mai shagon ya gwada mini ita da rediyon hannu, sauti ya fito tas, ya ce, "Alhaji, wannan ko yaro ma zai iya haɗa ta."

Da na koma mota sai na yi kusan minti ashirin ina fama. Na'urar ta zo a kan 108.0, rediyona kuwa da ya kai 107.9 sai ya koma farko. Na mai da ita 90.0, nan ma rediyon ya tsallake daga 89.9 zuwa 90.1. Dalilin shi ne, rediyon motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka yana tafiya ne biyu-biyu, yana tsayawa a kan lambobin da suka ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9 kawai, saboda a kan irin waɗannan lambobi ake raba tashoshi a can. Ba laifin na'urar ba ne, amma takardar da ke cikin kwalin ba ta ce komai a kai ba, alhali motocin Amurka sun cika Ghana. Masu motocin da aka kawo daga Japan nasu ya fi haka tsanani, domin tsohon rediyon can daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, transimita kuma daga 87.5 take farawa, don haka ɗan tsakanin nan ne kaɗai za su iya amfani da shi.

Babbar matsalar na'urar, wadda ita ce ta sa ba zan yabe ta ba tare da sharaɗi ba, ita ce neman gurbin da babu kowa. Zangon FM daga 87.5 ne zuwa 108, kuma a Accra ya cika maƙil. Citi tana kan 97.3, Joy tana kan 99.7, Peace tana kan 104.3, Adom tana kan 106.3, tsakaninsu kuma wasu tashoshin ne jere kamar rumfunan kasuwar Nima ranar Laraba. Ɗabi'ar FM ita ce, idan sigina biyu suka haɗu a mita ɗaya, rediyo yakan bi mai ƙarfi ya danne mai rauni, wannan 'yar na'ura kuwa ba ta da ƙarfin da za ta tsaya wa gidan rediyo mai dogon ƙarfe. Na sami wani gurbi a ƙasan zangon da ke da shiru a ƙofar gidana a Madina, amma da zarar na wuce Legon sai shuuu ta fara shigowa, kafin in kai shataletalen 37 kuma wata tashar ta leƙo. Ranar da abin ya fi ba ni haushi, ina cikin sauraron tafsiri, malam ya kai wata gaɓa da nake jira, sai muryar mai tallar maganin basir da harshen Twi ta rufe shi ruf, ba ta sake shi ba sai da na sauka Kanda. Wani lokacin ma maƙwabcinka a cunkoso yana da irin na'urarka a kan mita ɗaya da taka, sai ka tsinci kanka kana jin kiɗansa.

Dabarar da ta rage mini wannan wahala daga wani direban tasi na samo ta. Eriyar motata irin wadda ake zarowa da hannu ce, ya ce in tura ta ciki gaba ɗaya. Da na yi haka sai tashoshin waje suka raunana, na'urar da ke kusa da rediyon ta sami sarari. Illar wannan dabara ita ce, idan ana son labaran safe sai an sake zaro eriyar. Dabara ta biyu kuma ita ce a ƙure sautin wayar ya kai kusan ƙarshe, a rage na rediyon, domin shuuu ɗin da ke ƙasa yana ƙaruwa ne da maɓallin rediyo.

Game da ingancin sauti, dole a raba magana gida biyu. Ga abin da murya ce kawai, wato wa'azi, karatu, darasi ko saƙon murya, na'urar ta wadatar, kalmomi suna fitowa sarai. Ga kiɗa kuwa akwai asara da kunne ke ganewa. FM ba ya ɗaukar sautin da ya haura kimanin kilohaz 15, ita kuma ƙaramar transimita tana ƙara matse abin da ya rage, sai ganga ta rasa nauyinta, kalangu da jita su dusashe, harafin "s" a bakin mawaƙi ya riƙa tsatsa kamar ana soya wani abu. Akwai kuma wani siririn kuka da ke tashi yana sauka tare da totur, wanda ke fitowa daga altaneta ya biyo wutar mota, kuma yana ƙaruwa idan na soka wayar a caji a jikin na'urar. Cajin nata ma a hankali yake tafiya, idan taswira tana buɗe da ƙyar yake hana batirin waya raguwa.

Inda ta burge ni shi ne amsa kira. Dokar hanya ta Ghana ta shekarar 2012 ta hana direba riƙe waya yana tuƙi, kuma da wannan na'ura danna maɓalli guda ya isa, muryar mai kira ta fito ta lasifika. Sai dai makirufonta yana can ƙasa kusa da giya, don haka idan tagogi suna buɗe sai na ɗaga murya. Haka kuma duk wanda ke cikin mota yana jin hirar, abin da ya kamata a faɗa wa mai kira tun kafin ya fara magana. Haɗuwarta da waya ma ba ta da gardama, da an kunna mota take kamawa da kanta. A motata ramin kunna taba yana mutuwa idan an zare makulli, amma akwai motocin da nasu ba ya mutuwa, masu irinsu su riƙa cire na'urar da dare saboda batir.

Na yi tafiya da ita zuwa Kumasi ɗaurin aure, kuma a nan ne ta nuna iyawarta. Bayan Nsawam tashoshin Accra suka fara ja da baya, daga Suhum zuwa gaba sauti ya daidaita har na manta cewa ta iska yake zuwa. Sau ɗaya na sauya mita a wajen Nkawkaw, sannan da muka doshi Ejisu rikicin ya dawo sabo, domin Kumasi ma tana da nata cunkoson tashoshin.

A can Kumasi ne ƙanin mahaifina ya ga ina murɗe-murɗe ya ce, "Kai da kake da bakin kaset, me ya kai ka wannan wahala?" Ya ɗauko mini adaftar kaset daga aljihun tsohuwar motarsa. Kamanninta kaset ne sak, amma babu zare a ciki, sai wani ɗan kai na maganaɗisu da ke manne wa kan da ke karanta kaset a cikin rediyo, da siririyar waya mai fitowa ta gefe zuwa ramin iyafis. Tunda sautin ba ya bi ta iska, babu tashar da za ta kutsa. Na saka waƙar da na saba ji ta transimita, sai na ji kayan kiɗan da na manta suna cikinta. Illarta biyu ce: ana jin ɗan ƙaras-ƙaras na haƙoran da ke juyawa idan an rage sauti, sannan yawancin manyan wayoyin yanzu ba su da ramin iyafis, al'adar da ta yaɗu tun bayan fitowar iPhone 7 a 2016, don haka sai an ƙara wata 'yar adafta ta USB-C, wadda ke toshe ramin caji. Wajibi ne kuma a goge kan kaset ɗin da auduga da ɗan sifirit, domin ƙurar hunturu ta shekaru tana dusashe sauti. Akwai irinta mai Bluetooth da batirin kanta, wadda ke raba mutum da wayoyi masu lilo amma sai an riƙa tunawa da yi mata caji.

Da na dawo na tuntuɓi wani mai gyaran wutar mota a Abossey Okai. Ya nuna mini cewa wasu rediyoyin suna da rami a baya da aka tanada domin na'urar sauya faifan CD, ana iya haɗa adaftar Bluetooth a nan, sauti ya fito kamar na faifai. Akwai kuma wata na'urar FM da ake sakawa tsakanin wayar eriya da rediyo, wadda ke katse tashoshin waje idan an kunna ta. In kuwa da hali, a cire tsohon rediyon a sa sabo irin na Pioneer ko Sony ko Kenwood, amma kuɗinsa da na aiki ya ninka na transimita sau da dama, kuma sabon rediyo mai walƙiya a motar da ke kwana a bakin titi yana jawo idon da ba a so. "Masta," na ce masa, "bari in ga ƙarshen wata tukuna."

Wanda motarsa ba ta da kaset kuma ba ta da ramin AUX na jona waya kai tsaye, yawan sauraronsa wa'azi da labarai ne, ko kuma direban dogon zango ne mai zuwa Tamale ko Bawku, transimitar ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin ya gwada ta a cikin motarsa kafin ya biya, kada ya yarda da gwajin rediyon hannu na mai shago. Wanda yawonsa bai wuce Madina, Nima da Fadama ba kuma yana da bakin kaset mai aiki, adaftar kaset ta fi masa. Tawa transimitar har yanzu tana soke a wurinta, amma caji kawai take yi, ita kuma adaftar Baffa ban mayar masa ba tukuna.