Hayar keken burji a Kiribi: keken ya burge ni, masu shi sun bar ni a daji

Tun da muka dawo Garwa abokan hawan keke suke tambayata yadda ta kaya a Kiribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, har na gaji da maimaita labari ɗaya a kowace majalisa. To ga shi a rubuce, duk mai niyyar zuwa ya san abin da zai tarar.

Ni da ƙanena muka je, cikin watan Disamba, lokacin da ruwan sama ya ɗan lafa a kudu. Mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan wata motar zuwa bakin teku. Ba mu ɗauki kekunanmu ba saboda wahalar lodi, sai muka yi haya wurin mutanen nan da ke tallar yawon keke a Facebook. Waɗanda suka taɓa zuwa sun san su, kuɗin hayar kuma ba na wasa ba ne. Abin da muka yi da su a fili yake: keke biyu, ɗan jagora, ruwan sha, kayan gyara, da motar da za ta sauke mu inda kwalta ta ƙare, ta dawo ta ɗauke mu a ƙauyen Ebodje kafin magariba.

Gaskiya ɗaya ce, keken kam ya yi. Irin wanda ake ce wa girabul ne, wato keken burji, kansa a lanƙwashe kamar na 'yan tsere, amma tayarsa mai kauri ce, milimita 40, ga birki na faifai. Ni da na saba da keken dutse mai nauyi a hanyar Pitoa, da na ɗaga wannan da hannu ɗaya sai da na sake duba shi. Iskar da ake sa wa tayar ba ta da yawa, ba ta kai rabin ta keken kwalta ba, shi ya sa idan ka hau gargada ba ya jijjiga maka haƙora, sai ka ji yana lallaɓa ƙasa yana tafiya. Muka wuce inda kogin Lobe ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, muka wuce sabuwar tashar jiragen ruwa da ta fara aiki a 2018, aka sauke mu, muka kama hanyar garin Kampo.

Wallahi awa biyun farko ba zan manta da su ba. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, tudu kaɗan, gangara kaɗan, babu hawan da zai karya maka gwiwa, amma kuma babu inda za ka daina taka feda ka huta. Daji ya rufe hagu da dama, kore shar, sai can ka hau wani tudu ka ji rugugin ruwa, ka waiwaya dama ka hango teku ta tsakanin itatuwan kwakwa. Gadojin katako muke tsallakawa, ruwan ƙarƙashinsu baƙi kamar shayi. Mu mutanen Arewa da idonmu ya saba da fili da bakin Binuwai, abin sai ya zame mana kamar wata ƙasa. Zafin ne dai daban. Namu na Garwa yana ƙona fata amma gumi na bushewa, nasu kuwa rigarka jiƙe take tun safe har dare. Ƙanena ya matso kusa da ni yana haki ya ce, "Yaya, kuɗinmu ya halatta." Na ce masa ko ninki biyu suka ce zan biya. Har a raina na gama tsara yabon da zan rubuta musu.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, a wata gangara, tayata ta baya ta daki wani dutse mai kaifi. Gefenta ya tsage kamar tsawon gaɓar yatsa, iska ta fice nan take. Ban damu ba da farko, don wa ya taɓa hawan keke bai yi faci ba? Kuma da safe mai shagon ya cika mana baki cewa tayoyinsu ba su da tiyub, wani farin ruwa mai danƙo ne a ciki wanda ke toshe huda da kansa. Haka ne, ana yin haka, kuma yana aiki a kan ƙaya da ƙananan huda. Amma ruwan nan yana bushewa cikin 'yan watanni, musamman a ƙasar zafi, dole a riƙa ƙara shi. Da ɗan jagoran ya ɓalle tayar, babu ko ɗigo. Sai wani busasshen abu kamar fatar albasa manne a ciki. Wato duk tafiyar nan da muka yi, Allah ne kawai ya tsare.

Na ce to a sa tiyub. Ya zazzage jakarsa, ya fito da tiyub guda ɗaya tak, na mutum uku. Aka sa, ya ɗauko ɗan famfonsa, ya yi ta bugawa, iska na fita ta bakin famfon saboda robar ta cinye. Da ƙyar ta ɗan shiga, sai muka ji tiyub ɗin ma yana tsiyaya. Ashe hudajje ne tun wata tafiyar, aka naɗe aka mayar jaka ba a yi masa faci ba. Gam babu, faci babu. Waya babu sabis. Yaron, don yaro ne, bai wuce shekara ashirin ba, ya tsaya yana ta ba ni haƙuri da Faransanci, idonsa ya kawo ruwa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abin da aka miƙa masa da safe shi ya rataya. Laifin na wanda ya karɓi kuɗina ne yana murmushi, ya tura mutum uku cikin daji da famfon da bai gwada ba.

Tura keke na yi da ƙafa fiye da awa biyu cikin rana. Ruwan shan da aka yi alkawari gora ɗaya ce kowa, ta ƙare tun kafin azahar. A bakin wani rafi muka yi alwala muka yi salla, ƙafata duk ta yi bororo, don takalmin keke ba na tafiya ba ne.

A wani ƙaramin ƙauye muka tarar da rumfar mai facin babur, kusa da shi wani dattijo na zaune a tebur yana sayar da sukari da sabulu da batir. Da ya ji ina magana da ƙanena sai ya ɗago ya ce, "Kai, 'ya'yana, daga ina haka?" Bahaushe ne ɗan Marwa, ya daɗe a can. Na ce, "Baba, keke ne ya ba mu kunya." Bai bari na ƙarasa ba sai da ya sa aka kawo mana ruwa da dafaffen rogo. Mai facin ya like tiyub ɗin, ya yanko guntun tsohuwar taya ya shimfiɗa ta ciki a kan tsagar. Sai kuma wata matsalar ta taso: bawul ɗin irin waɗannan kekuna siriri ne, bakin famfon babur ya yi masa faɗi. Nan ɗan jagoran ya fanshi kansa. Ya cire ɗan murfin roba na bawul ɗin, ya datse kan murfin da reza, ya juya shi ya ɗaura, famfon ya kama. Ban taɓa ganin wannan dabara ba, kuma na riƙe ta. Baba ya hana ni biyan kuɗin facin, ya ce baƙonsa ne ni. Allah ya saka masa da alheri, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Mun isa Ebodje da la'asar sakaliya. Ƙauyen masunta ne mai tsabta, wajen kilomita 50 kudu da Kiribi, inda kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai a yashi a irin wannan lokaci, kuma mutanen garin suna tsare su. Na zauna a bakin ruwa ƙafata cikin yashi, raina ya yi sanyi, har na ce wa ƙanena a bar maganar, tsautsayi ne. Da motar ta zo a kan lokaci da a nan na yafe.

Ba ta zo ba sai bayan isha. Sauro ya yi mana kaca-kaca, direban kuma ko sannu bai ce ba. A hanyar dawowa ne duk sauran abubuwan da na kau da kai suka dawo mini: sarƙar keken ƙanena da ta yi tsatsa saboda iskar gishiri, tana ƙara tun safe ba wanda ya ɗiga mata mai, giyar da ke tsallakewa a kan tudu, hular kwanon da igiyarta ta tsinke aka ƙulle. Washegari na je shagon, ban nemi a mayar mini da kuɗi duka ba, na ce dai a rage wani abu, kuma a saya wa yaron nan famfo. Mai shagon ya dube ni ya ce ai ni na tsaga masa taya, kamata ya yi ma in biya. Wannan maganar ta fi tafiyar ƙafar yi mini ciwo.

Hanyar kam zan koma, in Allah ya yarda, har Kampo nake so in kai. Amma da kekena zan tafi, ko da kuɗin lodinsa a jirgi zai kai na hayar. Idan kuma wani cikinku ya dage sai ya yi haya, ya sa a ɓalle tayar a gabansa ya ga ruwan da idonsa, ya buga famfon da hannunsa, ya sayi tiyub biyu masu siririn bawul tun daga Yawunde ko Duwala. Na tura wa mai shagon saƙo sau biyu a kan famfon yaron, ya karanta, har yau bai amsa ba.