Ƙarar Amfilifaya Lokacin Kashewa: Abin da Ya Kamata a Saya da Abin da Za a Guje Wa

Kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, ya kamata ya saurari ƙarar da kyau, domin iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai 'yar siririyar ƙas da ake ji daidai lokacin da yatsa ya danna makunni, wadda tartsatsin da taransifoma ke haddasawa a bakin makunnin ke kawowa. Akwai kuma dum mai nauyi da ke zuwa bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, har a ga takardar sifika ta turo waje ta koma. Ta biyun ita ce abin tsoro. Manyan kafasita ba sa zubar da cajinsu lokaci guda, layin fositif yana iya riga na negetif sauka, sai ma'auni ya karkace, wutar DC ta kwarara kai tsaye cikin koyil ɗin sifika.

Idan ƙas ɗin ce kaɗai, kafasita mai daraja X2 (irin wadda aka yi domin wutar gida) ta 100nF tare da resista ta om 100 a jere, a ɗaura su a kan makunni, sun wadatar, muddin ba a sa kafasita ta gama-gari a kan wutar gida ba. Resistar da ake ɗaurawa don ta zuƙe cajin manyan kafasita tana da amfaninta wajen kare mai gyara, amma ba ta hana dum. Na'urar da ke kunna kayan sauti bi da bi kuwa ta manyan zaure ce, kuma a gida hannu ma yana yin aikinta: amfilifaya ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa.

Wanda amfilifayarsa ke kan aisi (IC, ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu) irin TDA7294 ko LM3886 ya fara duba abin da yake da shi. TDA7294 tana da ƙafa ta 9 ta jiran aiki da ƙafa ta 10 ta yin shiru, LM3886 kuma ƙafa ta 8 ce ke rufe mata baki. Yin amfani da waɗannan ƙafafu don sa aisin yin shiru lokacin kashewa hanya ce mai araha, sai dai ranar da aisin kanta ta ƙone, babu abin da zai tsaya tsakaninta da sifika.

Abin da na fi amincewa da shi, kuma ba na ɓoyewa, shi ne allon kariyar sifika mai rile (makunnin da wuta ke buɗewa da rufewa) wanda aka gina a kan uPC1237, aisi mai ƙafa 8 a layi ɗaya da kamfanin NEC ya ƙera. Tana jinkirta haɗa sifika na 'yan daƙiƙu bayan kunnawa, tana sakin rile idan ta ga DC a mafitar sauti, sannan tana da abin da ya sa nake rubuta wannan duka, wato ƙafa ta 4. Wannan ƙafa tana sa ido ne a kan wutar AC da ke fitowa daga taransifoma ta hanyar dayod da wata ƙaramar kafasita mai saurin zubar da caji. Da zarar an kashe makunni, tun manyan kafasita suna cike maƙil, rile ya riga ya saki, saboda haka duk hargitsin da zai biyo baya yana faruwa ne bayan an raba sifika da amfilifaya. TA7317P ta Toshiba ma tana irin wannan aiki, amma samun allonta ya fi wuya.

A nan na taɓa ƙonewa. Na sayi wani allo da aka rubuta masa kariyar sifika, na ɗaura, na kunna, ya jira daƙiƙa uku ya haɗa lafiya lau. Da na kashe, sai na tsaya ina kallon 'yar fitilarsa tana ci tana dusashewa a hankali, rile yana riƙe, sifika ta yi dum kamar da, sannan can daga baya na ji rilen ya saki. Da na juya bayan allon na bi layukan tagulla da mita, ashe ƙafa ta 4 an jona ta ne da layin DC kawai don aisin ta yarda ta yi aiki. Tun daga ranar ba na sayen allon da ba shi da mashigar AC, kuma ina ba kowa shawara ya nemi hoton bayan allo kafin ya biya.

Rilen jabu ya fi wannan muni. Ana buga sunan Omron, kamfani mai ƙera rile, a kan kwalin roba mai rubutun amfiya 10 ko 16, amma idan aka fasa sai a tarar da bakin haɗi siriri kamar kan allura. Amfilifaya mai wat 100 a kan sifikar om 4 tana tura amfiya 5, ƙololuwarta ta kai wajen 7. Ko rile na gaske da aka rubuta masa bolt 250 na AC, yawanci bolt 30 kacal yake iya yankewa a DC, domin tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa. Na jabu kan narke ya manne a daidai ranar da ake bukatarsa. Alamominsa su ne rashin nauyi a hannu, rubutun da ke gogewa da yatsa, da ƙafafu masu lanƙwashewa da sauƙi. Idan farashin allon gaba ɗaya bai kai na rile ɗaya na asali ba, to ba sai an fasa ba. Ita ma uPC1237 da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne, wasu suna aiki, wasu ba sa ganin DC sam, don haka a gwada da batirin bolt 9 a mashigar sauti ta allon kariyar, a juya shi ta fuska biyu, a tabbatar rile ya saki kowane karo kafin a haɗa sifika.

Masu amfilifaya mai aisi irin TPA3116D2 su yi hattara, domin wayoyin sifikarta biyu duk masu ɗauke da sigina ne, babu wadda take layin ƙasa (ground). Allon da ya haɗe negetif na hagu da na dama wuri ɗaya zai yi mata shot (haɗewar wayoyi kai tsaye) nan take, saboda haka a nemi wanda aka rubuta masa BTL, mai yanke kowace waya daban.