Jif ɗin da na saya don tsaron iyali, da abin da ya same mu a hanyar Hijira

A farkon shekarar 2023 na sayi jif ɗin nan ta hannu a wani ma'arad, wato wurin sayar da motoci, da ke kudancin Jidda, ƙirar Japan, samfurin 2016, mai kujera bakwai. Ba sai na faɗi kuɗinta ba, domin duk wanda ke zaga kasuwar motoci ya san yadda ake sayar da irinta. Dalilina guda ne a lokacin: ina da mata da 'ya'ya huɗu, gidana a Makka ba ya rabuwa da baƙin Umara daga Kano, kuma na ɗauka cewa mota mai tsayi da nauyi ita ce mai tsare rai idan tsautsayi ya gitta. Shekara ɗaya da rabi na yi ina yabonta a majalisarmu ta Shara Mansur, har abokai suka fara tsokanata da cewa amarya na yi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ya faru ne a watan Agusta na 2024, muna dawowa daga Madina ta hanyar Hijira, babban titin da ya haɗa ta da Makka. Mahaifiyata ce ta zo Umara, muka kai ta ziyara, kuma saboda lokacin shiga Rauda da muka samu a manhajar Nusuk ya faɗo da hantsi, ba mu baro gari ba sai bayan sallar Azahar, lokacin da kwalta take kan ganiyar zafinta. Allon gaban mota yana nuna digiri 47. Mu bakwai ne a ciki, Hajiya a gaba kusa da ni, maiɗakina da yara biyu a tsakiya, manyan yaran biyu a kujerun ƙarshe. Da yake idan an ɗaga kujerun ƙarshe but ɗin motar ba ya ɗaukar abin kirki, sai na ɗora katan-katan na dabino da akwatuna uku a kan ragar saman mota, na ɗaure su tamau, ina jin daɗin cewa na yi dabara.

Mun wuce Abyar Ali, mun wuce Yutama, muna dab da Wadil Fara'a ina tafiya a kan kilomita 130, abin da bai saɓa doka ba tunda an yarda da 140 a sassan wannan hanya tun 2018, sai na ji wata ƙara daga baya kamar ana dukan ganga da sanda, kafin in gama tantance ta kuma tayar baya ta hagu ta yi bindiga. Gindin motar ya kwashe zuwa gefe guda, hancinta ya nufi shingen tsakiyar titi. Na sha jin cewa idan taya ta fashe ba a danna birki, ana riƙe sitiyari ne da ƙarfi a sassauta totur a hankali, amma ƙafata ba ta jira shawarata ba, na taka birki, na kuma murɗa sitiyari fiye da kima. A nan ne na ji motar ta karkata irin karkatar da ban taɓa ji ba, kamar ɓangaren da Hajiya take zaune zai rabu da ƙasa, kayan da ke sama kuma suna jan mu zuwa inda za mu kife.

Abin da ya biyo baya ba ni na yi shi ba, kuma ba zan karɓi yabon da wasu suka yi mini a kansa ba. Wata fitila mai ruwan ɗorawa, mai hoton mota da layuka biyu a karkace, ta shiga ƙyaftawa a gabana, na ji wata gurnani a ƙarƙashin ƙafata, injin ya rage ƙarfi da kansa, motar ta yi fizga biyu ko uku sannan ta miƙe. Da kyar na lallaɓa ta zuwa gefen titi, robar tayar tana jan ƙasa. Hajiya, wadda saboda ni ɗan fari ne ba ta taɓa kiran sunana ba, tana ta maimaita innalillahi, da muka tsaya sai ta ce, "Kai wannan, duba mini yaran nan tukuna." Na ce, "Hajiya, ku kwantar da hankalinku, Allah ya tsare." Ban san ko ya tsare ɗin gaba ɗaya ba a lokacin da nake faɗa, domin ban riga na waiwaya ba.

Bel ɗin kujera ya bar wa Hajiya shaida a kafaɗa wadda ta yi mako biyu, kuma shi ne ya hana ta haɗuwa da gilashin gaba. Ba don ta yarda da shi ta ɗaura ba, cewa take yi yana shaƙe ta, sai da na nuna mata cewa kyamarar Sahir tana kama na gaba idan bai ɗaura ba, tarar kuma daga riyal 150 zuwa 300 ce, sannan ta haƙura don kada ta ja mini asara. Babban ɗana da ke kujerar ƙarshe ya kwance nasa don ya miƙe ƙafa, shi ne ya bugu da gilashin gefe, goshinsa ya tsage har aka yi masa ɗinki uku. Jakar iska ko ɗaya ba ta fito ba, kuma daidai ne, tunda ba mu daki komai ba.

Na'urar da ta ƙwace mu ita ce wadda ake rubuta wa ESC ko VSC, mai daidaita mota idan ta fara zamewa. Tana auna inda direba ya juya sitiyari da inda motar take nufa a zahiri, idan suka saɓa sai ta kama birkin taya ɗaya tak, ta kuma rage wa injin mai, aikin da babu direban da zai iya yi da feda guda. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa tana iya hana kashi 84 cikin ɗari na kifewar irin waɗannan dogayen motoci a haɗarin da mota ɗaya ta yi ita kaɗai. Ranar da na sayi motar ban tambayi ko tana da ita ba, sanyin na'urar sanyaya ciki da launin kujeru na tsaya dubawa. A daren da muka iso gida, da an ba ni takardar jin ra'ayi, da na cika mata maki ba tare da na rage ko ɗaya ba.

Washegari a wurin banshar, wato shagon gyaran taya, ne ra'ayina ya fara sauyawa. Mai gyaran ya goge gefen tayar da ta fashe, ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke farawa da DOT, wato 3817, ya ce an yi ta ne a mako na 38 na shekarar 2017. Shekararta kusan bakwai ke nan, alhali wanda ya sayar mini da motar ya dafa ƙirji ya ce tayoyin sababbi ne, kuma lallai a ido sababbin ne, zanensu bai cinye ba, an shafe su da mai suna ta sheƙi. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, zafin ƙasar nan kuma yana gaggauta tsufan, idan aka haɗa da lodi da gudu da ƙarancin iska sai fatar tayar ta ɓare daga jikinta. Wannan ba sabon abu ba ne a Saudiyya. A 1999 kamfanin Ford ya sauya tayoyin Firestone a kan motocinsa na Explorer a nan ƙasar saboda irin wannan ɓarewa, shekara guda kafin a janye taya miliyan shida da rabi a Amurka a Agustan 2000. Ni kuwa na riƙe takardar fahas, ta binciken lafiyar mota, kamar laya, ban taɓa durƙusawa na karanta gefen tayata ba. Har yanzu idan na tuna rantsuwar mutumin nan raina yana ɓaci, domin ya ga yarana a ranar, har alewa ya ba su.

Sai dai ba dillali kaɗai nake jin haushi ba, motar ma da nata. Tsayin da na biya kuɗi dominsa shi ne ya kusa kifar da mu, domin nauyin jif yana sama ne, duk katan ɗin dabinon da na ɗora a rufinta kuma ƙara ɗaga shi na yi. Ƙaramar motar da na raina a baya, da ita ce tayarta ta fashe a wurin, zai yi wuya ta yi irin wannan karkata. Babu wanda ya gaya mini haka a ma'arad, kuma iyakar nauyin da rufin zai ɗauka yana can cikin littafin mota a shafin da ba wanda ke buɗewa. Samfurin da na saya ba shi da fitilar gargaɗin raguwar iskar taya, abin da ya zama dole a Amurka tun 2007, ƙarar tunatar da ɗaura bel kuma ta kujerun gaba ce kawai, shi ya sa yaron ya kwance nasa ban sani ba.

Kujerun ƙarshe su ne suka fi tsaya mini a rai. Bayan abin ya faru na ɗauki awo na auna, tsakanin bayan kujerar da ƙofar but bai kai kamu biyu ba, ma'ana idan wata mota ta dake mu ta baya, abin da ke tsakanin ƙarfenta da 'ya'yana kaɗan ne. Na bi ginshiƙan motar ina neman tambarin jakar iska ta gefe, na same shi a layin gaba da na tsakiya, a na ƙarshe babu. Maƙalan kujerar jarirai ma a layin tsakiya kawai suke. Motar da ake tallatawa da sunan ta iyali, sai ga shi wurin da kowa yake tura yara shi ne mafi ƙarancin kariya.

Safaya kuma a ƙarƙashin mota take, ana sauke ta da sarƙa, sarƙar ta cije da ƙura da tsatsa, da na samu ta sauko bayan kusan rabin sa'a ina kwance a kan tsakuwa mai ƙuna tireloli suna wucewa suna girgiza mu, sai na tarar babu iska a cikinta. Jami'an tsaron hanya da na kira ta 996 ne suka tsaya a bayanmu da fitilarsu har saɗaha, motar ɗaukar motoci, ta iso, Allah ya saka musu da alheri. Rashin iskar laifina ne, na yarda, amma wanda ya ɓoye taya a inda sai an kwanta a ƙasa za a duba ta ya san ba za a duba ba.

Da na fara lissafin laifuffukanta sai wasu da na yafe a baya suka dawo mini. Akwai ranar da muke gangarowa daga Ɗa'if ta hanyar Hada, birki ya yi zafi har ya fara wari ya kuma yi laushi, sai da na koma ƙaramar giya, a lokacin na ce ai kowace mota mai nauyi haka take. Akwai kuma lungunan unguwarmu, inda yaro ɗan shekara uku zai tsaya a bayanta ba ka ganinsa ta kowane madubi, dole na sa aka ɗaura mini kyamarar baya da kuɗina.

Yanzu idan aka tambaye ni, uku cikin biyar nake ba ta, biyu daga ciki kuma na waccan fitila mai ƙyaftawa ne. Na sauya tayoyi biyar duka, na tsaya a kan mai banshar sai da na karanta shekarar kowacce da idona, na kwance ragar sama na jingine ta a soron gida, ina kuma auna iska da sassafe kafin taya ta ɗumama duk ranar da za mu yi doguwar tafiya. Maiɗakina ta ce, "Malam, ka sayar da ita mu huta," na ce mata zan duba, amma har yau ban kai ta ma'arad ba, domin ban ga wadda za ta ɗauke mu shida da baƙo ba a kuɗin da nake da shi. Da Hajiya ta dawo Umara a watan Ramadan ta ce a sake kai ta Madina, tikitin jirgin ƙasa na Haramain na yankar mata ita da jikokinta biyu, ni da sauran muka bi su a motar bayan sallar Asuba, ban wuce kilomita 110 ba har muka shiga gari.